Babi na Shida: Furen Matashin Allura a Hunturun Tamale

A bayan kowace 'yar fakitin irin fure da aka kawo daga Ingila ko Holan akwai umarni da ƙananan haruffa. Ana cewa a shuka a watan Maris ko Afrilu, bayan ƙanƙara ta daina kwanciya, kuma a zaɓi wurin da rana ke duka tun safe har yamma. Wanda ya rubuta haka bai yi ƙarya ba, sai dai da mutanen garinsu yake magana. A Tamale watan Maris shi ne lokacin da zafi ke taɓa digiri 40, mutane su fito da tabarmi tsakar gida saboda ɗaki ba ya kwantuwa. Duk wanda ya bi umarnin fakiti a nan zai yi mako uku yana ban ruwa bai ga ko ɗigon kore ba, daga nan ya ce an sayar masa da mataccen iri. Sau da yawa irin lafiyarsa ƙalau, lokacin ne ba nasa ba.

Furen da za mu duba a wannan babi shi ne sikabiyosa, musamman nau'in da Carl Linnaeus ya rubuta a 1753 da sunan Scabiosa atropurpurea. Asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, kudancin Turai da arewacin Afirka, kuma tun ƙarni na 17 yake cikin lambunan Ingila. Tsayinsa kan kai santimita 60 zuwa 90. Ganyen yana taruwa a ƙasa, sai sirirrun kara su miƙe sama, kowanne da kai guda ɗaya. Kan nan ba fure ɗaya ba ne, tarin ƙananan furanni ne da suka cunkushe wuri guda suka yi tudu, sannan wasu zarurruka masu farin kai suka tsattsago daga ciki, tamkar ɗan matashin da tela ke soke allurai a kai. Akwai fari, akwai ruwan hoda, akwai shuɗi mai haske, akwai kuma wani ja da ya yi duhu har ya kusa zama baƙi, wanda masu sayar da iri ke kira Black Knight. Yana da ɗan ƙamshi mai daɗi wanda sai ka kai hanci kusa za ka ji.

A ƙasarsa ta asali, irin kan tsira da ruwan farko na kaka, ya yi girma cikin sanyi mai ɗan danshi, ya yi fure kafin zafin rani ya kama. Ma'ana, shuka ce da ke son ƙuruciyarta cikin sanyi. Irin ya fi tsira idan ɗumin ƙasa yana tsakanin digiri 18 da 21, kuma yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Shi ya sa manoman fure na Kenya, da ke aika shi kasuwannin Turai, suke noma shi a tuddai irin na Naivasha, wajen mita 1,900 sama da teku. Tamale ba ta kai mita 200 ba. Ba mu da tudu, abin da muke da shi hunturu ne. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kaɗowa da ƙura, dare kan sauka ƙasa da digiri 20, asuba ta sa mutum neman rigar sanyi. Wannan 'yar taga ita ce duk abin da furen zai samu a wurinmu, kuma dabarar gaba ɗaya ita ce a shigar da rayuwarsa cikinta.

Wani zai ce, to me ya hana damina, tunda ga ruwa kyauta ga gajimare na tare rana? Tamale na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, amma kusan rabinsa yana zuba ne tsakanin Yuli da Satumba. Ƙasar yawancin unguwanni ba ta da zurfi, ƙarƙashinta marmara ce ko laka mai riƙe ruwa. Sikabiyosa na jure ƙishi fiye da yadda take jure jiƙa. Saiwarta ta kwana biyu cikin ruwa, sai ka ga gindin ya yi baƙi, ganye ya langaɓe alhali ƙasa jiƙe take sharkaf. Ga kuma zafi da danshi tare, wanda shi ne abin da cututtukan ganye ke so. A bar wa damina furanninta.

Lissafin da baya-baya ake yin sa. Daga zuba iri zuwa furen farko akwai kwana 90 zuwa 100. Idan kana son ka ga fure a ƙarshen Janairu, ka more shi cikin Fabrairu kafin zafin Maris ya gama da shi, to dole irin ya shiga ƙasa tsakanin makon ƙarshe na Oktoba da farkon Nuwamba, daidai lokacin da ruwa ya ɗauke, ana ta girbin shinkafa da masara a ƙauyukan kewaye. Matsalar ita ce a wannan lokacin sanyin bai iso ba tukuna, rana kan haura digiri 33. Don haka makonni uku na farko su ne mafi wuya, kuma a nan ne ya kamata mutum ya ajiye littattafan Turawa ya je ya tsaya a bakin lambu.

Masu noman rani na Gumbihini da Sangani da gefen dam ɗin Builpiela sun daɗe da warware wannan matsala, ko da yake ba don fure ba. Latas da kabejin da suke kaiwa kasuwa su ma 'yan ƙasar sanyi ne, irinsu ma ba ya son ƙasa mai zafi. Ka je da sassafe ka duba komin reno. Za ka ga an ɗaga shi sama da ƙasa kamar taƙi guda, an marmashe shi da hannu har babu dunƙule. Bayan an yafa iri sai a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, ban ruwa kuma ta saman ciyawar ake yi, don ruwan ya sauka a hankali kada ya tono irin. Ranar da aka ɗaga ciyawar aka ga fararen kawuna sun fara ɓullowa, a ranar ake kwashe ta, domin idan aka ƙara kwana tsiron zai miƙe dogo siriri yana neman haske, ya faɗi. Sai a kafa 'yan sanduna masu baki biyu a kusurwa huɗu, a ɗora kara, a mayar da ciyawar sama ta zama rumfa. Kowane 'yan kwanaki a rage ta kaɗan, har tsiron ya saba da rana. Babu wani abu a cikin wannan da furen matashin allura ba ya buƙata. Malaman sashen lambu na jami'ar UDS a Nyankpala za su yi maka bayanin dalili da lissafi, amma hannun aikin a wurin waɗannan mutane yake.

Irin kansa abin kallo ne. Zuba shi a tafin hannu: kowace ƙwaya tana sanye da ɗan siket busasshe mai kama da takarda, da wasu 'yan gashi masu tsini a kai. Ba shi da nauyi, kuma a cikin kowace fakiti akan samu waɗanda babu komai cikinsu. Ba iri ne mai daɗewa ba. Fakitin da ta shekara a kan kanta cikin zafin shago, rabonta da rai ya yi nisa. Kafin ka ɓata ƙasa da ruwa, ɗauki ƙwaya goma ka naɗe cikin tsumma mai ɗan laima, ka ajiye gindin randa, ka riƙa yayyafa masa ruwa. Bayan mako biyu ka buɗe. Idan biyar ko shida sun fito da farin wutsiya, irin na da kyau. Idan ɗaya ce ko biyu, sai ka zuba da yawa ko ka nemi wani. Ga kuma wata magana da ake yawan mantawa: shigo da iri daga waje yana ƙarƙashin Dokar Tsirrai da Taki ta 2010, kuma hukumar PPRSD ta ma'aikatar noma ce ke ba da izini. Ba don a wahalar da mutane aka yi ta ba. Wannan furen da muke lallashi a nan ya tsere daga lambuna ya zama ciyawa a Kudancin Ostireliya da Kalifoniya, kuma manoman kudancin Ghana sun san abin da baƙuwar ciyawar da suke kira Acheampong ta yi wa gonakinsu.

A gida, inda ƙwaya ashirin ko talatin kawai za a rena, kasko ya fi komi. A samu kasko mai faɗi ko tsohuwar roba da aka huda, a cika da ƙasa mai laushi haɗe da yashi, a jera irin da tazarar yatsa biyu, a barbaɗa ƙasa sama-sama, kada ta wuce rabin santimita. Da yamma ake zubawa, don daren farko ya same shi cikin sanyi. Sannan a nemi wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, galibi inuwar bangon da ke kusa da randa. Akwai wata dabara da za a iya arowa daga Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan na tashi yana janye zafi. Shi don adana tumatir da alayyafo ya yi ta, amma idan aka zaunar da kaskon reno cikin babban kasko mai jiƙaƙƙen yashi, ƙasar kan yi sanyi fiye da iskar wurin, kuma busasshiyar iskar Nuwamba ita ce ke sa abin ya yi aiki sosai. Matan unguwar Kukuo na gina tukwane da kasake kowane girma. Tukunyar ƙasa ta fi bokitin roba nesa ba kusa ba a wannan aiki, domin baƙar roba a rana dafa saiwa take yi.

Ƙasar da za a dasa a ciki ba ta buƙatar wani tsafi. Kashi biyu na ƙasar sama, kashi ɗaya na yashin rafi, kashi ɗaya na takin shanu ko na awaki da ya ruɓe ya huce. Wanda ke kusa da injin shinkafa ya ɗebo buntu, ya babbaka shi har ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, ya gauraya. Yana sa ƙasa ta saki jiki. Furen ba ya son ƙasa mai tsami, don haka ɗan cikin hannu na tokar murhu a kowace tukunya yana taimakawa. Ɗan cikin hannu na ce, ba kwano ba. Ɗanyen kashin kaji kuwa a yi nesa da shi, haka takin zamani mai yawa: za ka samu ganye kore shar, kara ya yi laushi, fure ya ƙi zuwa.

Ana dashe bayan mako huɗu zuwa biyar, lokacin da tsiron ya yi ganyen gaskiya huɗu ko fiye, wato ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. Da yamma, da ƙasarsa a jikin saiwa, tazarar taƙi ɗaya da ɗan ƙari tsakanin kowane biyu, ko kuwa guda ɗaya a tukunya mai cin bokiti guda na ƙasa. Kada a binne wuyan. Maganar rana tun safe har yamma kuwa, a yi mata gyara. Ranar Landan daban, ta Tamale daban. A ajiye tukwanen gabas da bango ko gabas da bishiyar darbejiya, su sha hantsi har zuwa wajen sha ɗaya ko sha biyu, inuwa ta rufe su kafin azahar. Wani ɗan zana ta ɓangaren arewa maso gabas zai rage musu dukan iska.

Yanzu sai babbar magana, ruwa. Duk mazaunin Tamale ya san cewa ruwan famfo daga Farin Volta yake zuwa, a ɗebo shi a Nawuni, a tace a Dalun, kuma garin ya girma ya fi ƙarfin abin da ake turowa. Akwai unguwannin da famfo ke yin kwanaki, wani lokaci makonni, bai ce uffan ba. Rijiyar burtsatse ma ba kowa ke dacewa ba, domin dutsen da garin ke zaune a kai ba mai yalwar ruwa ba ne. Watannin da furen nan ke buƙatar ban ruwa su ne daidai watannin da ake layi da jarkoki masu ruwan ɗorawa, waɗanda ake kira galan ɗin Kufuor, ana jiran tanka. Saboda haka ban ga hikimar mutum ya share fili ya yi komi goma na fure ba. Tukunya takwas ko goma sun isa. Kowace tana shan wajen lita ɗaya a rana idan an rufe bakinta da ciyawa ko ɓawon gyaɗa, jarka guda mai lita 25 kuwa za ta kai kwana biyu da ɗori.

Wannan ma ba sai an taɓa ruwan sha ba. Gidan da ke da mutum biyar masu salla, ruwan alwalarsu kaɗai, idan aka tara a baho maimakon a bar shi ya bi rariya, ya shayar da tukwanen nan har ya yi saura. Ruwan wankin shinkafa da na ganye duk suna da kyau. Wanda ba a so shi ne ruwan wanki mai omo da na wanke-wanke mai maiƙo, domin gishirin da ke cikinsu taruwa yake a tukunya, ba ruwan saman da zai wanke shi, sai ka ga bakin ganye ya ƙone. A zuba a gindi da sassafe. Kafin a ƙara, a tura yatsa cikin ƙasa. In da laima a gaɓa ta biyu, a bari sai gobe. Sau ɗaya a mako a yayyafa wa ganyen ruwa da safe a wanke ƙurar hunturu, wadda kan kwanta a kai har ya koma ruwan toka.

Abokan gaba kuwa yawancinsu 'yan gida ne. A watan Janairu babu wani kore a unguwa sai naka, kuma kowace akuya ta sani. Kaji da zabi na son tona ƙasa mai laima, ƙadangaru na tsinke tsiro ƙarami. Tsohon gidan sauro da aka yafa a kan 'yan sanduna yana maganin kaji da ƙadangaru, akuya kuwa sai ƙofa da danga. Gara kan biyo ciyawar rufi, shi ya sa ake ɗora tukunya a kan dutse ko bulo. In darɓa ta taru a kan sabon toho, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma.

Idan shukar ta kai tsawon taƙi guda, a sa farce a tsinke kan tsakiya. Mutum kan ji kamar ɓarna yake yi, amma daga nan ne rassa ke fitowa ta gefe, a maimakon kara ɗaya a samu biyar ko shida. A kafa karan dawa a ɗaure su sako-sako. Toho na farko kan fito kore, dunƙule, da 'yan gashi kewaye. Furannin gefe su fara buɗewa, sannan na tsakiya, allurai su fito daga ƙarshe. Cikin kwana biyu ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi za su gano wurin, a lokacin da abincinsu ya yi ƙaranci. Yawan yanka shi ke kawo yawan fure. Duk kan da ya fara bushewa a yanke shi tun daga inda ya rabu da uwar kara, in ba haka ba shukar za ta ɗauka ta gama aiki ta koma yin iri. Wanda aka yanka da safe aka sa a kwalba da ruwa kan yi kwana biyar zuwa mako guda a ɗaki.

Za a tambaye ka, wannan babu makawa. Wata dattijuwa za ta tsaya a kan tukwanen ta ce, "Ɗana, wannan kuma miyar me ake yi da shi?" In ka ce ba a ci, sai ta ce, "To maganin me ne?" Tambaya ce mai kyau daga mutanen da suka san kuɗin jarkar ruwa, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Amsar gaskiya ita ce, Iya, na kallo ne. Gidajenmu ba baƙin wannan ba ne: wanda ya taɓa zama kusa da bishiyar lalle da ta yi fure da daddare ya san ba don ƙunshi kaɗai ake barinta ba. Abin da ya fi, a ajiye tukunyar alayyafo ko ta rama a jere da na furen, ruwa ɗaya ya shayar da su, bakin kowa ya mutu.

A ganina, sikabiyosa ba furen farawa ba ne ga wanda bai taɓa reno ba, kuma ko ƙwararre ba kowace shekara zai dace ba. Shekarar da hunturu ya makara ko ya yi rauni, shukar kan tsaya gajera, ta ba da fure kaɗan ƙanana. Akwai kuma batun tsawon yini: furannin Turai da yawa sun saba buɗewa a lokacin da yini ke kai awa 15 ko 16, mu kuwa namu bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara, don haka kada a sa ran cikar da ake gani a hoton fakiti. Nau'o'in da ke shekara da shekaru a ƙasashen sanyi, irin su Scabiosa caucasica, kada ma a ɓata kuɗi a kansu. Ba za su tsallake Afrilu ba. Wanda ke son fure mai dunƙulallen kai ba tare da wannan lallashi ba, ga gomfirena, mai kai kamar maɓalli ja ko shunayya, wadda zafi ba ya damunta kuma ko ta bushe launinta na nan. Ga ziniya 'yar Meziko, da ke tsira cikin kwana biyar ta yi fure cikin wata biyu, rani da damina. A cika yawancin tukwane da waɗannan, a ware uku ko huɗu don baƙon.

Idan Allah ya sa ya yi, to a tsakiyar Fabrairu a zaɓi shuka biyu da suka fi jure rana, a daina yankar musu kai. Furen zai zube, kan ya kumbura ya yi ƙaya-ƙaya, ya koma ruwan ƙasa. A yanke shi kafin iska ta watsar, a ƙarasa shanya a inuwa, a murje da hannu, a zuba a kwalba mai murfi da ɗan tsumma ƙunshe da toka don ta tsotse laima. Launin ba lallai ya dawo yadda yake ba, tunda ƙudan zuma sun gauraya su, amma irin da ya nuna a Tamale daga uwar da ta jure Tamale ya fi na fakiti daraja a wurinka. A rubuta wata da shekara a jikin kwalbar, a ajiye ta can ƙasan firji, ko a wuri mafi sanyi a ɗaki, domin watanni takwas za ta yi tana jira. Haka ma wanda ɗan'uwa ya aiko wa fakiti daga waje a watan Maris: kada ya buɗe ta sai ruwan Oktoba ya ɗauke.